Kyandir Mai Farin Lagwani

Kwana uku Dogo, mai yasar rijiya, ya yi bai san inda kansa yake ba. Ranar da ya buɗe ido, abin da ya fara gani shi ne fanka mai fiffike uku da ba ta juyawa, sai ledar ƙarin ruwa rataye a jikin sanda. Maƙogwaronsa kamar an goge shi da yashi. Ya nemi ya tambayi labarin ƙanensa Auta, wanda suka faɗi tare a ƙasan rijiya, amma murya ta ƙi fita. Nas ɗin da ke gyara masa allura ta karanci bakinsa, ta kawar da kai wajen taga, kuma daga nan ya gane cewa ba sai ya sake tambaya ba.

An yi jana'izar Auta tun ranar da abin ya faru, kafin la'asar, lokacin da shi yake kwance da bututu a baki.

Likitan da ya duba shi matashi ne mai tabarau, mai saurin magana. Ya ɗora masa hannu a kafaɗa ya ce, "Malam, kai fa ka je ka dawo. Da aka shigo da kai zuciyarka ta tsaya. Mun yi ta danna ƙirjinka har haƙarƙari biyu suka tsage. In ka yi tari ka ji zafi, ni za ka zaga."

"Ta daɗe a tsaye?"

"Kusan minti huɗu."

"Mutuwa ke nan, likita?"

Likita ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa. "Da mun daina dannawa, sunanta ke nan."

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani tsohon direba da aka ɗaure wa ƙafa, mutum mai bakin da ba ya hutawa. Shi ya fara sa masa suna.

"Gawa ta ƙi rami, ina kwana?" in ji shi kowace safiya. "Kai da kullum kake cikin rami, ran da aka tashi haƙa maka naka sai ka ce ba ka shiga. To faɗa mini tsakani da Allah, me ka gani a can? Wani ɗan'uwana da mota ta buge ya ce ya ga fili kore shar, ga mahaifiyarsa tana yi masa hannu ya koma. Kai wa ka gani? Mu da muke kan layi ya kamata a ba mu labarin hanya."

Dogo yakan juya fuska ga bango, direban kuma ya ɗauka nauyin abin da ya gani ne ya hana shi magana. Gaskiyar maganar ita ce bai ga komai ba. Bai ga haske ba, bai ga mala'ika ba, bai ji an kira sunansa ba. Ko duhu ma bai gani ba, domin duhu abu ne da ya sani fiye da kowa a ɗakin nan: duhun ƙasan rijiya yana da sanyi, yana da warin laka, kuma in ka ɗaga kai akwai sama can nesa, zagaye kamar faifai. Wannan kuwa ba shi da sanyi, ba shi da wari, ba shi da Dogo a cikinsa. Kamar an sa almakashi an yanke kwana uku daga rayuwarsa, aka haɗa bakin biyu aka ɗinke. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne bai ji tsoro a can ba, bai ji daɗi ba, domin babu wanda zai ji.

Amma abin da ya faru kafin yankan, wannan yana nan daram, ko ƙwayar yashi ba ta ɓace ba.

Rijiyar tana bayan wani tsohon gidan haya mai ɗakuna goma sha huɗu. Mahaifinsu ne ya haƙa ta da hannunsa tun kafin a haifi Auta, zurfinta gaba goma sha biyu, har yanzu ana ganin gurbin ƙafarsa a jikin bangon. Shekara tara ke nan su biyun suna yasar ta duk ƙarshen rani. Da mahaifin nasu ya rasu, ya bar musu igiya, da ƙarafa uku da ake kafawa a bakin rijiya, da doka guda ɗaya wadda yake maimaitawa har su gaji: kyandir kafin ƙafa. Ana kunna kyandir, a kafa shi a cikin bokiti, a zura har ƙasa. In ya ci gaba da ci, mutum ya sauka. In ya mutu, iskar da ke ƙasa ta lalace, sai a ɗaura reshe mai ganye a igiya a yi ta jan sa sama da ƙasa har iska ta sauya. "Ko ruwa ka fito sha," in ji tsohon, "in za ka koma, ka sake tambayar kyandir. Rijiya ba ta san mai ita ba."

A ranar, tiyon injin tsotsar ruwansu ya gaza kai wa ƙasa, saboda ruwan ya ja baya fiye da kowace shekara. Sai suka ɗaure injin da igiya suka zura shi cikin rijiyar zuwa rabi, ya yi ta ruri yana tofar da hayaƙin fetur har kusan awa guda. Da ruwa ya ƙare suka jawo shi. Rana ta take, ga wani aikin yana jiran su a wata unguwa. Auta ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya zura ƙafa ɗaya, sannan ya ɗago kai yana murmushi.

"Yaya, kyandir fa?"

Kyandirin yana cikin aljihun Dogo, sabo, da ashana. Ya ji shi a jikin cinyarsa. Ya ce, "Haba, rijiyar Baba ce. Shekara tara muna shigar ta. Sauka mu gama, kai dai ka cika son ɓata lokaci."

"To, in Baba ya tambaya, kai za ka amsa," in ji Auta, ya yi dariya ya sauka.

Bokiti biyu na laka suka hau. Na uku bai hau ba. Dogo ya leƙa ya ga ƙanensa ya kwance igiyar ƙugunsa, kamar yadda suka saba yi in za su sunkuya, ya zauna a cikin laka ya jingina da bango kamar mai hutawa. Ya kira shi sau biyu. Sannan ya yi wa mutanen gidan ihu su riƙe igiya, ya ɗaura ta biyu a jikinsa ya sauka.

Ya same shi ido buɗe. Ya rungumo shi yana ƙoƙarin zagaya masa igiya a ƙirji, yatsunsa suna ƙin yi masa biyayya, kansa yana sarawa. A lokacin ne Auta ya motsa baki dab da kunnensa. Ba da fushi ya faɗa ba, ba da kuka ba. Ya faɗa ne kamar yadda ake tuna wa mutum ya manta hularsa.

"Yaya, ba mu kunna kyandir ba."

Daga nan sai fankar asibiti.

Da aka sallame shi ya koma gida, ya tarar an naɗe tabarman zaman makoki, amma gidan bai koma yadda yake ba. Takalman Auta na roba suna nan a bakin ƙofar ɗakinsa, babu wanda ya iya ɗauke su. Matar Auta, wadda shekararsu biyu da aure, ta rame har wuyanta ya fito. Washegari da hantsi, yana zaune a tsakar gida yana shan rana saboda ƙirjinsa, ta zo ta durƙusa nesa kaɗan da shi, ta rufe rabin fuskarta da mayafi.

"Yaya, sannu da jiki."

"Yauwa. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya." Ta murza gefen mayafin. "Yaya, kai kaɗai ne kake tare da shi. Ba na iya barci saboda abu ɗaya. Ya samu ya yi kalmar shahada?"

Dogo ya dubi takalman robar. Ya dubi hannunta da ke riƙe da mayafin. Ya ji bakinsa ya ce, "Ya yi."

Ta kifa goshi a ƙasa tana hamdala tana kuka, irin kukan da ke sauke kaya. Kafin azahar maganar ta fita waje. Kafin mako ya zagayo ta yi 'ya'ya: an ce Auta ya cika da shahada sau uku, an ce ƙasan rijiyar ta yi haske, an ce Dogo ya ga inda aka kai ƙanensa amma an hana shi faɗa. Mai shagon bakin layi ya daina karɓar kuɗin sabulu a hannunsa. Wata tsohuwa ta kawo jikanta ya shafa masa kai. Duk wanda ya gaishe shi da girmamawa, sai ya ji kamar an ƙara masa bokitin laka a ka.

Salla ma ta zama masa wani abu dabam. Yana yin ta a kan lokaci, bai taɓa fashi ba, amma duk lokacin da ya kai goshi ƙasa sai wannan babu ɗin ta taso masa, ya riƙa tambayar kansa ko can Auta yake yanzu, inda babu Auta. Sai ya yi istigfari, ya sake yin istigfari a kan istigfarin.

Ranar da abin ya ishe shi, ya jira aka watse daga sallar azahar, ya matsa kusa da liman, dattijo mai fama da ciwon gwiwa, wanda yake miƙe ƙafa ɗaya in ya zauna.

"Malam, likita ya ce zuciyata ta tsaya minti huɗu. Ni kuwa ban ga komai ba. Ko kaɗan."

Liman ya dube shi ta saman tabarau. "To da me kake so ka gani?"

"Abin da ake faɗa mana. Ko alamarsa."

"Kai Dogo, in ka tsaya a bakin rijiya ka leƙa, kana ganin abin da ke ƙasa?"

"Wani lokaci ba a gani."

"To ka leƙa ne, ba ka sauka ba. Wanda ajalinsa ya yi ba ya dawowa ya ba da labari, wanda ya dawo kuma ajalinsa bai yi ba. Likita ya san zuciya, bai san rai ba. Ni ma ban sani ba, an ce mana ilminsa na Ubangiji ne. Da ana leƙawa a gano, da ba a kira shi gaibu ba." Ya ja carbinsa. "Ka gode wa Allah. Ɗan'uwanka ya samu abin da kowa ke roƙo, ya cika da kalma. Wannan kaɗai ya isa ya sanyaya maka zuciya."

Dogo ya gyaɗa kai. Ya yi godiya ya tashi. Amsar ta yi daidai, ya san ta yi daidai, amma ta tsaya masa a kunne ta ƙi gangarawa ƙirji.

Mutum ɗaya ce a duk unguwar ba ta tambaye shi komai ba, ita ce Inna, mahaifiyarsu. Shekara talatin ta yi tana auren mai haƙar rijiya, ta wanke laka daga tufafin miji, ta wanke daga na 'ya'ya. Yanzu ciwon zuciya ya kumbura mata ƙafafu, ba ta fita sai da dalili. Kullum da safe yana zuwa gaishe ta, ta amsa, ta tambayi ƙirjinsa, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, shi ke nan. Shirun nata ya fi tambayar kowa yi masa nauyi.

A rana ta goma sha tara bayan dawowarsa, tsakanin azahar da la'asar, ta aika matarsa ta kira shi. Ya tarar da ita zaune a bakin gado, ƙafafunta a kan matashi, kwalaben magani jere a kan akwatin ƙarfe. Labulen ƙofa a sake yake. Daga waje ana jin matar Auta tana wanke kwanuka a bakin famfo.

"Zauna nan kusa, ba na son ɗaga murya," in ji Inna.

Ya zauna a ƙasa, kusa da ƙafafunta.

"Na ji abin da ka faɗa wa yarinyar nan. Na ji abin da gari ya ƙara a kai. Ni ban tambaye ka ba, don na ga ƙirjinka bai warke ba. Yau ina tambaya. Ni na haife shi, ni na haife ka. Me ɗana ya faɗa a ƙarshe?"

Dogo ya ji haƙarƙarinsa biyu sun amsa. Ƙaryar tana nan a shirye, kalma biyu ce, ya riga ya faɗe ta sau ɗaya kuma ta yi aiki. Ya dubi kumburarrun ƙafafun nan, ya tuna likita ya ce kada a tayar mata da hankali. Ya tuna kuma cewa tun yana yaro bai taɓa yi mata ƙarya ta kwana ba.

"Bai yi shahada ba, Inna. Ban ji ya yi ba."

Ba ta motsa ba. "Me ya ce?"

"Ya ce, Yaya, ba mu kunna kyandir ba." Ya sunkuyar da kai. "Ya tuna mini tun a sama. Ni na ce ya sauka, rijiyar Baba ce. Ni na hana."

Inna ta sa hannu ƙarƙashin matashin kanta, ta zaro wani abu naɗe a ƙyalle, ta warware a kan cinyarta. Kyandir ne, ya ɗan lanƙwashe, laka ta bushe a jikinsa. Lagwaninsa fari fat, wuta ba ta taɓa shi ba.

"Da aka kawo kayanka daga asibiti, ni na ce a ba ni in wanke," in ji ta. "Shekara talatin ina zazzage aljihun ubanku. Ban taɓa samun kyandir mai farin lagwani ba ranar da ya shiga rijiya."

"Kin sani tun ranar."

"Na san wannan. Ban san ko za ka faɗa ba." Ta shafa kyandirin da babban yatsa. "Da ka same shi da rai, ka tuna masa kalmar? Ka faɗa masa a kunne?"

"Igiya nake ɗaura masa, Inna. Ina so in fito da shi. Ban tuna ba."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta daɗe tana gyaɗawa. Hawaye ya gangaro ta gefen hancinta, ba ta share ba. "Yaron da ba ya wasa da salla. Allah ya san abin da ke zuciyarsa, ba sai ya ji daga bakinka ba." Ta faɗi haka ne tana kallon bango, kamar ba da shi take ba. Sannan ta juyo, muryarta ta yi ƙasa sosai, ta zama irin ta mai jin kunyar abin da za ta roƙa. "To can ɗin fa? Ka ga ubanku?"

"Ban gan shi ba."

"Ko inuwarsa?"

"Ban ga komai ba, Inna. Liman ya ce leƙawa na yi, ban sauka ba."

"Haka ne," in ji ta. "Haka ne mana." Amma ya ga yadda hannunta ya damƙe bakin gadon, ya gane cewa kwana goma sha tara ta yi tana ajiye wannan tambayar ita ma, kuma ba don Auta kaɗai ba.

A lokacin ne ya lura cewa ƙarar kwanuka ta tsaya. Bai san tun yaushe ba. Ruwan famfo kawai ake ji yana zuba a cikin roba, ya cika yana malala. A ƙarƙashin labule akwai ƙafafu biyu, jiƙe da kumfa. Suka tsaya kaɗan, suka juya, aka ji an rufe ƙofar ɗakin Auta a hankali.

Dogo ya yunƙura zai tashi. Inna ta dafa kansa.

"Bar ta yau. Gobe ka je ka durƙusa mata, ka faɗa mata da bakinka, ka ɗauki duk abin da ta ce. Kai ka ba ta ƙaryar, kai ka karɓe." Ta naɗe kyandirin a ƙyallensa ta sa masa a tafin hannu, ta rufe yatsunsa a kai. "Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Ba ni da ƙarfin ko ɗaya yanzu. Abu ɗaya nake so a wajenka."

"Faɗi, Inna."

"Tawa ranar ba ta da nisa, kana ganin ƙafafun nan. In ta zo, kada ka tashi neman mota, kada ka tsaya ɗaure-ɗaure. Bar wa wasu wannan. Ka zauna dab da kunnena ka yi ta faɗa mini kalmar har in bi bakinka. Ko ka ga wani abu a can, ko ba ka gani ba. Ka ji ni?"

"Na ji."

Aka kira sallar la'asar. Ya kama ta ta sauko da ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ya jawo mata buta da roba, ya zuba mata ruwa tana alwala. Da ta tayar da salla a zaune, ya fita tsakar gida. Famfon yana ta zuba, kwanuka rabi a wanke rabi da kumfa. Ya rufe shi. Takalman robar ba sa bakin ƙofa, an shigar da su ciki. Ya tsaya yana kallon gurbinsu a ƙasa, kyandirin a hannunsa, har aka tayar da iƙama bai motsa ba.